Layin da Auta Ya Matsar

Matso da abin naki nan kusa, takwara, muryata ba ta kai can yanzu. Yana ɗauka? To. Kin ce labarin babanki kike so, ba nawa ba. Ai duk ɗaya ne, don ɓarnar da za ki ji, da hannuna a ciki.

Ku kuna ce masa Baba, 'yan layinmu suna ce masa Kafinta, ni kuwa Auta nake ce masa har yau, ga shi da furfura a gemu. Shi na haifa daga ƙarshe, bayan mata huɗu. Kakanki, Allah ya ji ƙansa, kafinta ne shi ma. Kin san shagon nan na bakin titi da ake sayar da tayoyi yanzu? Nan ne shagonmu a da. A nan Auta ya yi rarrafe. Sau nawa na sa yatsa na ƙwaƙulo dusar katako daga bakinsa, ba zan iya tunawa ba.

A tsakiyar shagon akwai inji. Kore ne, ƙarfe zalla, yana yanka katako, yana kuma goge shi ya fito sumul. Ranar da aka kawo shi ƙarti shida ne suka sauke shi daga mota, ɗaya har ya gurɗe ƙafa. Shekara tara kakanki yana tara masa. Ni ma guminna yana ciki, don a lokacin tumatir nake kasawa a bakin titi, kullum in na tashi sai in miƙa masa abin da ya samu. Injin nan shi ya ciyar da mu, shi ya tufatar da gwaggwanninki. Kakanki in ya buɗe shago, kafin ya amsa gaisuwar kowa sai ya shafa injin tukuna. Har na taɓa ce masa, “Malam, ka ɗauko matashinka ka dawo wajensa mana, mu huta.”

Mutum ne mai sanyi, amma akwai abu ɗaya da ba ya yafewa. In yaro ya ja layi da fensir a jikin katako, ya ɗora zarto, zarton ya kauce, sai yaron ya sa babban yatsa ya goge layin, ya sake ja inda zarton ya bi, don kada a gane. To in kakanki ya kama ka, rula ce a bayan hannu. Sai ka ji yana faɗa, “Wa ya ce ka taɓa layin? Ka ɓata katako ɗaya, ka ce na ɓata, a ɗauko wani. Ka matsar da layi, ai teburin gaba ɗaya ka kashe!” Auta ya sha rular nan. Dogo ma ya sha. Dogo shi ne babban ma'aikacin shagon a lokacin, ya girmi Auta da shekara goma, a wuyansa Auta ya girma. Daga baya ya buɗe nasa wajen, Allah ya buɗa masa. Ki riƙe shi a ranki, zai dawo cikin zancen.

Da kakanki ya rasu, shago ya koma hannun Auta, kuma wallahi hannunsa ya fi na ubansa kyau, ban taɓa faɗa a gaban marigayin ba ne kawai. Shekaru aka yi ana lafiya. Sai ga kayan nan na kanti sun cika gari, masu sheƙi, ciki kwali ne aka matse. Ruwa ya taɓa su su kumbura kamar biredi, amma da arha, kuma yau ka biya yau ka ɗauka. Wa zai jira Auta sati uku? Sai a yi wata guda ba a kunna inji ba, sai gyaran ƙafar kujera da sa sakata. Ke kina da shekara huɗu, ƙaninki yana goye. Uwarki tana ɗinki a gida, kekenta ne ke riƙe da tukunya. Ni kuma gwiwoyina sun ƙi, na daina kasa tumatir, sai in lallaɓa in zo shago in zauna a benci, don kada ya zauna shi kaɗai yana kallon titi.

Ran nan sai ga wani mutum, Mai Tabarau muke ce masa, siriri, ba ya son magana. Tebur yake so dogo, da ramuka a baya na wayoyin wuta, wanda zai ɗauki talabijin uku a jere. Auta ya yi masa, ya kai masa gida da safe. Bai dawo ba sai la'asar, ya shigo yana haki kamar an biyo shi.

Ya ce, “Inna, mutumin nan ba ya zuwa ko'ina. Yana zaune a ɗaki yana sayen hannun jarin kamfanoni yana sayarwa.”

Na ce, “Mene ne kuma hannun jari?”

Ya ce, “Kamar kwandon tumatirinki ne. Kamfani ne ake kasa shi kashi dubu dubu. Ki sayi kashi kaɗan, in ya yi tsada ki sayar.”

“To ina kayan suke?”

“A cikin waya.”

“In sun ruɓe fa?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Inna, ba sa ruɓewa.”

Ashe suna ruɓewa, takwara. Wari ne kawai ba sa yi.

Tun daga ranar kullum sai ya je wajen Mai Tabarau, ya yi masa 'yan gyare-gyare kyauta, shi kuma yana koya masa. Abu ɗaya ya koya masa, wai shi ma da shi kaɗai yake ci. Sunansa tutar bijimi. Na ce ni dai na tsufa ban ga bijimi da tuta ba. Auta ya ce ai don bijimi sama yake cilla abu da ƙahonsa, shi ya sa in farashi yana hawa suke kiransa haka. Ya ɗauko guntun falanki, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya zana mini. Har yanzu in na rufe ido ina ganin zanen.

Ya ja layi ɗaya a miƙe zuwa sama. Ya ce wannan ita ce sanda: farashi ne ya tashi da gudu cikin kwana kaɗan, mutane sun yi caa suna saye. Daga kan sandar ya zana wani ɗan abu ya karkato ƙasa kaɗan, tsakanin layi biyu. Ya ce wannan ita ce tutar: waɗanda suka saya da wuri suna sayarwa suna cin ribarsu, farashi yana hutawa, kasuwa ta yi shiru. A ƙasan wayar akwai wasu tsaye-tsaye kamar haƙoran mataji, su ne ke nuna yawan masu ciniki. A sanda dole su yi tsawo, a tuta su gajarce. Kuma tutar kada ta zubo ta wuce rabin sanda, in ta wuce ba hutu ba ne, gudu ne. Ba ka saye sai farashi ya fasa layin sama, haƙoran matajin sun sake tsawo. Sannan ka auna tsawon sandar, ka ɗora shi daga inda ta fasa, nan za ka sayar. A ƙarƙashin tutar kuma ka ja jan layi. In farashi ya faɗo ya taɓa shi, wayar da kanta za ta sayar, ka yi ƙaramar asara ka tsira da sauran.

Na ce, “Auta, ai wannan na sani. In na ga mata sun yi cincirindo a kan tumatir da safe, sun ɗan lafa, na san za su dawo. In kuwa tun farko mutum biyu ne suka taya, banza ne.”

Ya ce, “Inna, ashe ke ce malamar!”

Ya rubuta duk wannan a jikin falankin, ya kafe shi da ƙusa a bango, saman inji. Ni ban iya karatu ba, amma na haddace, don kullum sai ya karanta da ƙarfi kafin ya buɗe wayar. Wata biyar ya yi yana gwadawa da kuɗin wasa, akwai wajen da ake ba ka na ƙarya ka koya. Da kuɗin wasa babanki zaki ne. Jan layi ya kama shi, ya ce, “Ba komai, a ɗauko wani katako.” Ya ci, ya zo ya nuna mini kore a waya, wai alamar riba. Na ce, “To a dafa mana koren mu ci.”

Wannan maganar tawa, ban sani ba ko ita ta tura shi. Na sha tunani a kanta.

Kuɗin gaske ba shi da su. Dogo kuwa ya daɗe yana son injin, don ya san shi tun yana sabo. Auta ya je ya same shi ba da sanina ba. Suka daidaita: Dogo ya biya kuɗin inji duka, amma sabon shagonsa ba a gama zuba simintin ƙasa ba, don haka inji zai zauna a wajenmu kwana arba'in. In kafin ranar Auta ya mayar masa da kuɗinsa cif, an fasa ciniki, inji na Auta ne. In bai mayar ba, mota ta zo ta ɗauka. Dabarar Auta ita ce ya juya kuɗin kwana arba'in, ya mayar wa Dogo nasa, ribar ya sayi katako ya yi kujerun nuni a ƙofar shago.

Sai da aka gama ya gaya mini. Na ce, “Injin ubanka? Auta, injin ubanka ka sa a waya?”

Ya durƙusa a gabana. Ya ce, “Inna, inji yana nan, ga shi kina gani. Kwana arba'in ne. In na bar shi haka, tsatsa ce za ta cinye shi muna kallo.” Ya tashi ya buɗe akwatin kayan aiki, ya ɗauko rular kakanki, ta katako mai bakin ƙarfe, ya sa mini a cinya. “Ga aikinki. Ki zauna kusa da ni. Kin san jan layin nan. In kika ga yatsana ya nufe shi, ki buga. Kada ki ji tausayina.”

Uwarki ba ta sani ba. Ya roƙe ni in yi shiru, na yi. Wannan ma laifina ne.

Satin farko Allah ya kawo tuta mai kyau, ta wani kamfanin siminti. Ni kaina na gan ta, sanda a miƙe, mataji dogo. Ya jira ta fasa, ya saya da kaɗan daga kuɗin, kwana uku ta kai inda ya auna, ya sayar. A satin ya sayo miki jan takalmi mai ƙara in kin taka. Kin hana mu sakat da shi.

Daga nan shiru. Kwana goma babu tuta ko ɗaya. Mai Tabarau ya taɓa gaya masa cewa wani lokaci sai a yi wata ba ta fito ba, mutum ya naɗe hannu. Amma shi Mai Tabarau ba wanda zai zo da mota ya ɗauke masa teburi. Auta yana zana kwanaki a jikin bango da fensir, kullum ya soke ɗaya. Ya daina cin abincin rana. In na yi magana ya ce, “Uhm,” idonsa a waya.

To ga inda kafintancinsa ya cuce shi. Katako, in kin auna shi yau, gobe ma haka za ki same shi. Auta ya saba da abin da ba ya yi wa rula ƙarya. Sai ya riƙa ɗora ƙaramar rula a kan gilashin waya yana auna sanda, kamar ƙafar tebur. Amma hoton waya ba katako ba ne. In ka sa yatsa biyu ka ja, sai ya miƙe. In ka matse, ya tsuke. Ina zaune ina kallo, wani kamfanin sarrafa fata, farashinsa ya ɗan hau a hankali kamar tudun da akuya ke hawa ba ta haki. Auta ya sa yatsu ya matse ta nan, ya ja ta can, sai ga tudu ya miƙe tsaye ya zama sanda. Ya ɗora rula, ya yi murmushi.

Na ce, “Auta, ɗazu wannan tudu ne.”

Ya ce, “Kusanto da shi na yi, Inna, don in gani da kyau.”

“Matajin fa? Haƙoransa duk guntaye ne.”

“Za su zo.”

“Ta fasa layin saman?”

“In na jira ta fasa, rabin ribar ya tafi. Saura kwana ashirin da biyu, Inna.”

Ba a ce in buga don wannan ba. Jan layi aka ba ni tsaro. Sai na ƙyale shi, ya saya. Kuma ba da kaɗan ba kamar na farko. Duka ya zuba, har da ribar siminti.

Kwana biyu abin yana nan yana lilo. A na uku, da hantsi, ina jin mai gyaran babur na kusa da mu yana ta buga ƙarfe, sai na ga Auta ya daina motsi. Na leƙa. Farashi yana saukowa, ja, ja, ja, saura ƙiris ya taɓa layin. Na ɗaga rula. Ya kai yatsa saman gilashin.

Ya ce, “Inna.”

Na ce, “A'a.”

“Tsawon farce kawai zan matsar da layin. Taɓawa zai yi ya koma, haka suke yi, su kori masu tsoro sannan ya tashi. In wayar ta sayar yanzu, kuɗin Dogo sun ragu, da me zan cike?”

“Kai ka ce in buga.”

“Na sani. Inna, dube ni. Don Allah. Sau ɗaya.”

Takwara, ni fa na san abin nan tun ba a haifi uwarki ba. Shekara talatin ina kasa tumatir. Akwai falwayar wuta a gaban inda nake zama. In inuwarta ta kai bakin kwata, ko nawa aka taya sauran tumatir sai in sallama, ko da faɗuwa, don na san gobe sai dai in zuba wa kaji. Ban taɓa cewa bari inuwa ta ƙara tsawon farce ba. Maƙwabciyata da ke jira, kullum da bokitin ruɓaɓɓe take komawa gida. Na san wannan sarai.

Amma na dubi fuskarsa. Leɓensa ya bushe ya tsage, idonsa ya faɗa. Sai na ga yaron nan da ke miƙo wa ubansa hannu yana runtse ido kafin rula ta sauka. Na sauke rular a cinya, ya matsar da layin.

Washegari ya sake matsarwa, bai ma tambaye ni ba. Jibi ya sake. Rana ta huɗu na leƙa, babu jan layin gaba ɗaya, ya goge shi. Ya ce wai yana ɗaga masa hankali. Ni kuma ina zaune da rula kamar gunki.

Sai ranar Litinin. Aka wayi gari da labari wai masana'antar kamfanin ta tsaya da aiki. Farashin bai sauko ta matakala ba, tsalle ya yi. Inda aka rufe kasuwa da inda aka buɗe, akwai rami a tsakani, ba komai a ciki. Auta ya zauna a ƙasa cikin dusar katako, ya jingina da inji, ya sa wayar a kan gwiwa. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan numfashin ba.

Na ce ya tashi mu je wajen Mai Tabarau. Da sandata na bi shi, muna tafe ina hutawa. Mutumin ya karɓi wayar, ya sa yatsa biyu ya mayar da hoton yadda yake. Sanda ta kwanta ta koma tudu a gaban idonmu.

Ya ce, “Kafinta, ina tutar a nan? Wannan ai tsumma ne a kan igiya. Ina jan layinka?”

Auta ya ce, “Na goge shi.”

“Nawa ka sa?”

“Duka.”

Ya cire tabaran ya goge da bakin riga. “Kuɗin wa?”

Ni na ba shi amsa, na gaya masa zancen inji da kwana arba'in. Sannan ya ce, “Mama, da na san kuɗin da aka yanka wa rana ne, da ban koya masa ba. Kasuwa ba ta san ranar kowa ba. Ya sayar yau, ya tsira da abin da ya rage.”

A ɗakin ya sayar. Abin da ya dawo, da kaɗan ya haura rabi.

Uwarki ta ji a bakin matar Dogo, a wajen awon atamfa. Ta zo shago da ƙaninki a baya, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta ce, “Inna, har da ke?” Shi ke nan abin da ta ce. Ta juya. Na gwammace ta zage ni.

Saura kwana goma sha ɗaya. Na ce wa Auta, “Ba ni wayar.” Ya miƙo. Na ƙulle ta a bakin zanena. Na ce daga yau a hannuna za ka duba, kuma yatsa ɗaya za ka sa, ba biyu ba. Haka muka yi. Ya duba, in karɓe. Dare ya yi, da ita nake kwana.

Ana saura kwana tara sai ga tuta. Kamfanin jigilar kaya ne. Wallahi ko makaho ya shafa zai ce tuta ce: sanda tsaye ba wanda ya ja ta, mataji dogo, ga 'yar tuta ta karkato kaɗan, ko kashi ɗaya cikin uku na sandar ba ta ci ba. Auta ya ce a saya. Na ce ta fasa? Ya ce saura kaɗan. Na mayar da waya bakin zane. Kwana biyu muna haka, yana zagaye inji kamar ɗan akuyar da aka ɗaure, yana cewa, “Inna, za ki kashe ni.” Na ce gara ni da kasuwa. A rana ta uku da azahar ta fasa, haƙoran mataji suka yi tsalle. Ya saya, ya ja jan layi a gabana, ya auna sanda da lambobin da ke gefe, ba da rula ba, ya sa alamar inda zai sayar.

Ta hau, takwara. Kamar yadda aka rubuta a falanki, haka ta yi. Ana saura kwana uku ta kai alamar. Kuma dole ranar a sayar, don kuɗin sai sun kwana biyu kafin su fito daga waya su zo hannu. Amma ko an haɗa da wannan ribar, kashi biyu cikin uku na kuɗin Dogo ke nan. Sanda ɗaya ba ta cike ramin da aka haƙa da sati biyu.

Auta ya ce, “Ba zan sayar ba. Tana da ƙarfi, dubi matajin. In ta ƙara kwana biyu tana hawa haka, sai in roƙi Dogo ya jira kuɗin su fito.”

Na ce, “Nan ka auna.”

“Bai isa ba, Inna! In na sayar a nan, inji ya tafi. Kin gane? Ya tafi!”

“Na gane.”

Ya kai yatsa zai ɗaga alamar sama. Na ɗaga rular kakanki da hannu biyu na sauke masa a bayan hannu. Ƙarar har mai gyaran babur sai da ya leƙo. Mutum mai shekara arba'in, da 'ya'ya biyu. Fatar ta fashe, jini ya fito. Ya dube ni, na dube shi, ni ke kuka ba shi ba. Na ce, “Wanda ya kamata in yi maka ran nan ne. Sayar.”

Ya sayar.

Ko ta ci gaba da hawa bayan nan, ko ta faɗo, ban sani ba. Ban tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba. Kada ki tambaye shi.

Ranar arba'in Dogo ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ni. Auta ya ajiye masa abin da ke akwai, ya ce ya karɓi wannan, ya ƙara masa wata biyu. Dogo ya ƙi taɓa kuɗin. Ya ce, “Auta, a wuyana ka girma. Da ina da hali, wallahi da na bar maka. Amma na riga na karɓi aikin bencin makaranta saboda injin nan, na ɗauki ma'aikata, an sa mini rana ni ma. Inna, ki yafe ni.” Na ce ba ka yi mana komai ba, Dogo, ciniki aka yi.

Ƙarti shida suka zo, kamar ranar da aka kawo shi. Auta ya kama musu, shi ya nuna musu inda za su sa igiya don kada ya karce. Da mota ta tashi, sai ga wajen da injin ya zauna, siminti fari tas, murabba'i, da ramukan ƙusoshi huɗu. Ke kika shiga ciki da jan takalminki kina tsalle, yana ƙara. Ba wanda ya iya ce miki ki daina.

Kuɗin da suka rage, uwarki ya kai wa, ya ajiye a kan kekenta. Ta yi sati ba ta taɓa su ba. Daga baya da su aka sayi keken ɗinkin nan mai wuta da kike gani, shi ya kai ki makaranta. Shago kuwa muka sake shi.

Bayan kwana huɗu da ɗaukar inji sai ga Dogo a ƙofar gida, gumi har gwiwa. Ya ce, “Auta, injin nan ya ƙi ni. Mun kunna, yana cin katako ta gefe ɗaya. Na kira mai gyara, ya kwance ya ɗaura, banza.” Auta yana zaune a dakali da tsumma a hannu. Bai ɗaga kai ba ya ce, “Ƙafar hagu ta baya ta fi sauran gajarta. Baba yana sa mata guntun fata ninki biyu. Kun bar shi a shago, na ga an share.” Dogo ya ce, “Ka zo ka sa mana. In ka ga dama kuma ka tsaya, don ba wanda zai riƙe shi kamar kai.”

Ya je ya sa. Shekara goma sha shida ke nan, can yake zuwa kullum da safe, ana biyansa a ƙarshen wata kamar kowa. An ce kafin ya gaida mutane sai ya shafa injin. Ni ban taɓa zuwa na gani ba, ba zan iya ba.

Falankin yana ƙarƙashin gadona, rular ma. Tabon kuwa kin sha ganinsa a hannunsa na dama, ya ce muku zarto ne. Ba zarto ba ne.

Kashe abin nan haka, ki miƙo mini ruwa. Maƙogwarona ya bushe.